Taura Biyu a Baki Ɗaya: Digirin Haɗaka na Kimiyya da Kwamfuta

A shekarar 2020 aka sanar da cewa kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wa guda 27 daga cikinsu suna. Ba wani sabon abu aka gano game da su ba. Manhajar Excel ce ta hana su sakat. Akwai ƙwayar gado da ake taƙaita sunanta da SEPT2, akwai wata MARCH1. Da zarar mai bincike ya shigar da su cikin Excel, sai manhajar ta ɗauka kwanan wata ne, ta mayar da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris, ba tare da ta ce uffan ba. Tun a 2016 wasu masu bincike a Ostiraliya suka bi dubban maƙalolin da aka wallafa a manyan mujallu, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka zo da jerin sunayen a Excel suna ɗauke da wannan ɓarna. Waɗanda abin ya faɗa wa ba 'yan koyo ba ne, masana ne da suka san ilimin halittu ciki da bai. Abin da ya kuɓuce musu shi ne yadda na'urar da ke gabansu take fassara abin da suka ba ta. Masu gina manhajar kuwa bai taɓa zuwa musu a rai ba cewa wani zai rubuta MARCH1 yana nufin wani abu ban da kwanan wata.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan mutanen ita ce jami'o'i ke cewa digirin haɗaka zai rufe. A takarda abin yana da daɗin ji: ɗalibi ya shiga jami'a sau ɗaya, ya ɗauki reshe ɗaya na kimiyya, lissafi ko fiziks ko kemistiri ko ilimin halittu, ya haɗa da ilimin kwamfuta, ya fito yana jin yaren kowane ɓangare. Iyaye ma abin yana kwanta musu a rai, musamman a gidan da yaro ya ƙwallafa rai a kan fiziks, uba kuma yana tambayar wa ya taɓa cin abinci da fiziks in ba malamin makaranta ba. Sai a yi sulhu, a ce a haɗa masa da kwamfuta. Abin dubawa shi ne ko haɗaka ta gaske ake samu a ƙarshe, ko kuwa rabi da rabi ne aka jera a takardar shaida ɗaya.

Sunan ɗaya ne, amma kayan sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila digiri ɗaya ake bayarwa mai ɗauke da fanni biyu, a tsawon lokacin da za a yi fanni ɗaya. Jami'ar Oxford ta daɗe tana haɗa lissafi da kwamfuta a wannan tsari. A Ostiraliya, jami'o'i irin su Monash da New South Wales digiri biyu suke bayarwa: kowanne shekara uku ne in shi kaɗai aka yi, amma a haɗe sai a gama cikin huɗu, domin darussan zaɓi na wancan ana cike gurbinsu da darussan dole na wannan. A Faransa akwai tsarin yin lasisi biyu a lokaci guda, galibi lissafi da kwamfuta, kuma ba kowa ake ɗauka ba saboda nauyin karatun. Sai kuma irin wanda MIT ta Amurka take yi, inda sashen kwamfuta da na ilimin halittu suka zauna tare suka tsara digiri guda na kwamfuta da nazarin ƙwayoyin halitta. Wannan na ƙarshe ya fita daban, domin tun daga tushe an yi tunanin inda fannonin biyu za su gamu. Sauran sau da yawa jerawa kawai aka yi, aka bar wa ɗalibi aikin haɗawa.

Abin da ya kamata a tuna shi ne rabuwar ita ce sabuwa, ba haɗuwar ba. Ilimin kwamfuta a ɗakin masana lissafi da fiziks aka haife shi. Kwas na farko da aka koyar da shi a Jami'ar Cambridge a 1953 difloma ce ta shekara ɗaya, rabinta dabarun warware lissafi da na'ura, kuma ɗakin binciken lissafi na jami'ar ne ya gudanar da ita. Sai a 1962 Jami'ar Purdue ta buɗe sashen kwamfuta mai zaman kansa na farko a Amurka. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a 1989, fiziks ya karanta a Oxford, kuma a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janiba ya yi aikin, don masana fiziks su riƙa musayar takardunsu cikin sauƙi.

Haka labarin yake a nan gida. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sashen lissafi ne ya raini ilimin kwamfuta, har ya yaye ɗalibai masu digirin lissafi tare da kwamfuta, kuma cibiyar kwamfutar jami'ar sunan masanin lissafi take ɗauke da shi, Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A Jami'ar Bayero ma daga sashen lissafi kwamfuta ta fito kafin ta samu tsangayarta. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai an san lissafi da kwamfuta a sashe ɗaya. Amma a Najeriya iskar ta kaɗa wajen rarrabewa. Sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar a ƙarshen 2022 ya ware kwamfuta a matsayin fanni mai cin gashin kansa, da rassa irin su tsaron intanet, injiniyancin manhaja da nazarin bayanai. Akwai hujja a yin haka, domin fannin ya girma. Sai dai duk lokacin da aka gina wa kwamfuta tsangaya a can gefe, ɗalibin kemistiri ya ƙara nisa da malamin da zai koya masa rubuta manhaja, a daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Bukatar kuwa ba ta ƙaryar 'yan talla ba ce. Ɗauki hasashen yanayi. A 1922 wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya nuna cewa ana iya lissafa yadda iska za ta kasance gobe daga ƙa'idojin fiziks, amma ya ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna lissafi da hannu kafin a riga yanayin isowa. Ba a iya aikin ba sai a 1950, da na'urar ENIAC, ita ma ta cinye kusan awa 24 kafin ta fitar da hasashen awa 24. Yau hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa duk shekara, da wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke taimakawa a haɗa wa ƙasashen Sahel, duk jikokin wancan aikin ne: fiziks ɗin iska a ciki, kwamfuta a waje. Ko kuma ka ɗauki ƙwayoyin gado. Aikin karanta kundin halittar ɗan Adam, mai haruffa kusan biliyan 3, ya ci daga 1990 zuwa 2003 da dala kusan biliyan 3. Yanzu ana yin irinsa da abin da bai kai dala 1,000 ba. Karanta haruffan ya yi araha. Wanda zai zauna ya tace su ya fitar da ma'ana shi ne ya yi tsada. Lokacin da cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da abokan aikinta, ta fitar da jerin haruffan ƙwayar cutar korona na farko a Afirka a watan Maris na 2020, aikin bai ƙare a kan teburin gwaji ba, a kan allon kwamfuta ya ƙare.

Masu tallata digirin haɗaka suna son kafa hujja da kyautar Nobel ta 2024, kuma suna da gaskiya rabi. A kemistiri, Demis Hassabis da John Jumper sun samu rabin kyautar saboda AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin daga jerin sinadaransa, David Baker ya ɗauki ɗaya rabin. A fiziks, John Hopfield da Geoffrey Hinton ne suka samu saboda tubalin da aka gina ƙirƙirarriyar basira a kansa. To amma a duba yadda suka iso wurin. Hassabis kwamfuta ya karanta a Cambridge, daga baya ya yi digirin digirgir a nazarin ƙwaƙwalwa. Jumper da fiziks da lissafi ya fara, ya ƙare a kemistiri. Hinton nazarin halayyar ɗan Adam ya gama da shi kafin ya koma ƙirƙirarriyar basira a Edinburgh. Wato sun bi fannonin ɗaya bayan ɗaya, sai da ƙafa ta kafu a nan sannan aka ɗaga ta zuwa can. Labarinsu ya tabbatar da cewa haɗa ilimin biyu yana da riba. Bai tabbatar da cewa sai an haɗa su tun a ajin farko ba.

A nan ne karin maganar nan ta taura biyu ba ta taunuwa take shigowa, kuma lissafin a fili yake. Sau da yawa shekara huɗu ba ta ƙaruwa don an ƙara fanni. In digiri ɗaya yana da nauyin darasi kimanin 120, wanda ya haɗa biyu a cikin wannan adadin dole ya ajiye wani abu, kuma abin da ake ajiyewa galibi darussan aji uku da aji huɗu ne, inda zurfin yake. Ɗalibin zai yi gabatarwar kemistiri da gabatarwar rubuta manhaja, amma ƙila bai kai ga nazarin yadda sinadarai ke haɗuwa a matakin ƙwayar zarra ba, bai kuma kai ga yadda ake gina manhajar da ke tafiyar da na'ura ba. In aka yi sakaci sai a yi biyu babu: masu kimiyya su ce ɗan kwamfuta ne, masu kwamfuta su ce ɗan kimiyya ne.

Duk da haka ina ganin ana zuzuta wannan hasarar fiye da kima, domin ba a yawan tambayar me kowane ɓangare yake ba ɗaya. Mutane da yawa suna ɗauka ilimin kwamfuta shi ne iya wani yaren manhaja, Python ko R. Wannan ana koyonsa a wata uku, ko a ɗakin kwana. Abin da ba a tsinta a hanya shi ne sanin tsadar hanyar da ka bi. A ce an ba ka gutsattsarin ƙwayoyin gado miliyan ɗaya, aka ce ka nemo masu kama da juna. Wanda bai yi karatun ba zai sa na'ura ta gwada kowanne da kowanne, gwaji kusan biliyan 500 ke nan, ya kunna ya tafi, wuta ta ɗauke, ya dawo ya sake. Wanda ya zauna a ajin tsara hanyoyin lissafi da adana bayanai ya san yadda zai fara kasa su gida-gida ta yadda sai 'yan gida ɗaya za a gwada, aikin mako ya koma na kafin a sha shayi. Shi ne kuma ya san cewa in ka ce wa Python ta tara 0.1 da 0.2 za ta ba ka 0.30000000000000004, saboda yadda na'ura ke ajiye ɓangaren lamba, kuma wannan 'yar ƙurar in ta taru sau miliyoyi tana iya karkatar da sakamako.

Ta ɗaya gefen, ga ɗan kwamfuta zalla an miƙa masa bayanan ruwan sama na wata tasha, na shekara talatin. Ya rubuta manhaja tsaf, babu kuskure ko ɗaya, ya fitar da matsakaicin ruwan watan Agusta, sai ga lamba ƙasa da sifili. Abin da bai sani ba shi ne a yawancin irin waɗannan rumbunan, ranar da ba a auna ba ana rubuta mata -99 ko -999 a matsayin alama. In ya yi sa'a lambar ta fito da muni har ya lura. In ranakun kaɗan ne, sai matsakaicin ya ɗan ragu kawai, ya yi kama da gaskiya, a ɗauka a rubuta rahoton cewa damina tana ja baya. Wanda ya taɓa riƙe ma'aunin ruwan sama da hannunsa, ya ga yadda ƙura da tsuntsu da mai gadin da ya makara suke shiga cikin lamba, ba ya amincewa da jadawali don kawai ya zo a jere. Wannan rashin yardar ita ce kimiyya ke koyarwa, kuma a ɗakin gwaje-gwaje ake samunta, ba a bidiyo ba.

Ba kowace kimiyya ce take zama lafiya da kwamfuta daidai wa daida ba. Lissafi da kwamfuta 'yan gida ɗaya ne, darussansu da yawa suna hawa kan juna, don haka hasarar kaɗan ce. Fiziks ma kusan haka. Ilimin halittu shi ne mafi nisa: ɗalibinsa sau da yawa ya zaɓe shi ne don gudun lissafi, ga haddar sunaye, ga awanni a ɗakin gwaji, sai kuma a ce ya zo ya zauna ajin hujjojin lissafi. Amma a can ne ƙarancin masu haɗa biyun ya fi tsanani. Duk dai reshen da aka ɗauka, lissafi ne igiyar da ke ɗaure su: aljabara ta jadawalin lambobi, kalkulas, da ƙididdiga. Wanda lissafi ke ba shi tsoro, digirin haɗaka ba mafaka ba ce, ninkin abin da yake gudu zai tarar.

Sai matsalar da ba a rubuta ta a takardar talla, wadda kuma ta fi kayar da ɗalibai fiye da wuyar karatun. Sassa biyu ne, kowanne da jadawalinsa, kuma ba don ɗan haɗaka aka tsara ko ɗaya ba. Lakcar tsara bayanai ƙarfe biyu na rana, aikin ɗakin gwajin kemistiri daga biyu zuwa biyar, a rana ɗaya, a gine-ginen da ke da tafiyar minti goma sha biyar tsakani. Ya je wurin jami'in jarrabawa na wannan sashe a ce masa ai kai ɗan wancan ne, ya je can a ce sakamakonka bai iso ba tukuna. Kariyoba guda a kwas ɗin da sai da shi ake hawa na gaba tana iya jawo masa ƙarin shekara, domin babu sarari a jadawalin da zai cusa shi. Wannan ba matsalar ƙasa ɗaya ba ce, ko'ina ɗaliban haɗaka suna kuka da ita. A wajenmu sai a ƙara da kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka, da data, da neman inda za a yi caji.

Mafi muhimmanci a duk tsarin, a ganina, shi ne furojet na ajin ƙarshe. Nan ne kaɗai ake tilasta wa fannonin biyu su yi magana da juna. In ɗalibin ilimin halittu da kwamfuta ya ƙare da gina shafin rajistar ɗalibai, irin wanda kowane ɗan kwamfuta ke yi, to shekarun da ya yi a ɗakin gwaji sun tafi a banza. In kuwa ya ɗauki bayanan zazzaɓin cizon sauro na wata ƙaramar hukuma ya auna su da na ruwan sama, ko ya koya wa na'ura gane cutar ganyen dawa daga hoton waya, to ya yi abin da ba ɗan kwamfuta zalla ba, ba ɗan ilimin halittu zalla ba, zai yi cikin sauƙi. Irin wannan aiki yana son malami biyu su duba shi, ɗaya daga kowane sashe, ko malami ɗaya da ya taka duka biyun. Jami'ar da ba ta da irin wannan malami ko guda, ban ga abin da take haɗawa ba.

Bayan bautar ƙasa kuma sai kasuwa. Kamfanonin manhaja da yawa ba su damu da sunan digiri ba, gwaji suke bayarwa, wanda ya warware shi ne nasu. Aikin gwamnati da na manyan hukumomi ba haka yake ba: shafin neman aiki yana da jerin kwasa-kwasai, in naka ba ya ciki sai ka zaɓi mafi kusa ka yi addu'a. Neman digiri na biyu ma yana iya cin karo da sharaɗin cewa sai ka yi kaza da kaza a fannin. Gaskiyar da ba a so a faɗa kuma ita ce, mafi yawan masu irin wannan digiri wajen kwamfutar suke zamewa, domin can albashin yake, guraben binciken kimiyya kuwa 'yan kaɗan ne. Ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba. Wanda ya saba tambayar yadda aka auna lamba kafin ya yarda da ita, yana da amfani a banki kamar yadda yake da shi a cibiyar bincike.

Wasu na cewa tunda ƙirƙirarriyar basira yanzu tana rubuta manhaja, ɗan kimiyya ba ya bukatar zaman ajin kwamfuta. Na yarda cewa ta rage wahalar haddar ƙa'idojin yare. Amma manhajar da ta rubuta maka za ta yi aiki lafiya lau a kan jadawalin nan mai -999, ta ba ka amsa cikin ladabi. Rubutun ya yi sauƙi, tantancewar ce ta ƙara nauyi, kuma tantancewa tana bukatar wanda zai iya karanta manhajar ya kuma san ko amsar tana yiwuwa a duniyar zahiri.

Saboda haka ga inda na tsaya. Wanda ke da ƙarfi a lissafi, yake kuma da wata tambaya ta kimiyya da ke cin ransa, digirin haɗaka ya dace da shi, musamman inda aka ƙara shekara ko aka tsara darussan tsakiya da gangan. Wanda ya zo ne don ya kasa zaɓa, ko don a faranta wa gida, gara ya riƙe fanni ɗaya da kyau, ya cika darussan zaɓinsa da lissafi da rubuta manhaja, ya haɗa ɗayan a digiri na biyu. Hanyar nan a buɗe take a Afirka: cibiyar AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, kuma tana ɗaukar masu digirin lissafi, fiziks, injiniyanci da kwamfuta ta horar da su a kan lissafin da ake aiki da shi.

Ga jami'o'inmu kuma, tsarin 2022 ya bar musu kashi 30 cikin 100 na manhajar karatu su cike da kansu. Sashen kemistiri ko na ilimin halittu da ya ware ko da kwas uku daga wannan kason, ɗaya na rubuta manhaja, ɗaya na ƙididdiga a kan bayanan fanninsa, ɗaya na kwaikwayon gwaji a na'ura, ya kuma roƙi tsangayar kwamfuta ta ba shi aron malami, zai iya yin hakan ba tare da jiran a amince masa da sabon digiri daga Abuja ba.